Hattara da mai "tsirar da ƙashin haƙori" da ke yawo a Maradi

Jama'a, akwai saƙon murya da ke zagaya WhatsApp kwanan nan, na wani mai kiran kansa likitan haƙori. Wai ya zo da sabon aikin Turai: in matauninka na girgiɗi, zai tura maka magani ƙarƙashin dasashi da allura, ƙashi ya tsiro cikin sati guda. Ba shi da asibiti. Ɗaki yake kamawa, yau a unguwar Zariya, gobe a Ali Ɗan Sofo, kuma sai ka aika masa jika hamsin kafin ya faɗa maka inda yake. Gwaggona ta je. Kayan aikinsa a gwangwanin biskit suke, yana goge su da auduga tsakanin mutum da mutum. Kwana kaɗan kuncinta ya kumbura, dasashin na fitar da mugunya, lambarsa kuma a kashe.

Abin da ke rufta mutane shi ne ƙaryar tasa tana da ƙanshin gaskiya. Aikin akwai shi. Tun 1982 likitoci a ƙasar Suwidin suka nuna ana iya dawo da wani ɓangare na abin da ke riƙe haƙori, kuma a 2007 wasu likitocin Italiya biyu, Cortellini da Tonetti, suka fito da hanyar yin sa da 'yar ƙaramar tsaga, da madubin ƙara girma. Amma ku duba yadda ake yi. Da farko sai an ɗauki hoton haƙorin, an auna zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori da wani siririn ƙarfe mai awo. Na mai lafiya ba ya wuce milimita 3. Sai a kankare dattin da ya daskare a saiwa, a jira makonni a ga yadda bakin ya karɓa, sannan a yi maganar tiyata. Sakamako kuwa sai bayan wata 6 zuwa shekara ake dubawa. Sati guda ko kaciya ba ta gama warkewa.

Kuma ba kowane haƙori yake karɓa ba. Matauni ya fi wuya, don na ƙasa saiwa biyu gare shi, na sama uku, cutar dasashi kan ci ƙashin da ke tsakaninsu. In ta huda daga wannan gefe zuwa wancan, ƙwararru ma ba sa yi maka alkawari. Mai shan taba da mai ciwon suga da bai daidaita ba, nasu ya fi ƙin kamawa. Shi ko mutumin nan kowa ya zo "za a dace, Hajiya", ko bakin bai buɗa da kyau ba.

Wani abu da ya kamata Musulmi ya sani: cikin kayan da ake sakawa a aikin na gaskiya akwai na ƙashin saniya, akwai kuma irin su Emdogain da ake samowa daga haƙoran 'yan aladu. Likitan kirki zai faɗa maka tun farko, ka yi shawara ka zaɓa. Da gwaggo ta tambaye shi mene ne a sirinjin, cewa ya yi sirri ne.

Duk wanda ya ce zai taɓa maka baki, tambaye shi rajistarsa a ƙungiyar likitocin haƙori ta Nijar da asibitin da yake aiki. Wanda kuma ya riga ya shiga hannun mutumin nan, kada kunya ta zaunar da shi a gida. Ya je sashen haƙori na asibitin gwamnati a duba shi, a yi masa gwajin ciwon hanta da na sida saboda kayan da ba a dafa ba. In fuska ta kumbura har da zazzaɓi ko wahalar haɗiya, a tafi a ranar, ko da dare ne. Takardar aika kuɗin kuma a adana ta da saƙon muryar, a kai wa 'yan sanda.