Ofishin neman gurbin karatu a Adum: sun iya biza, amma motar tsere ta fi ƙarfinsu

Ni ba ɗan boko ba ne can-can. Kayan inji nake sayarwa a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, fistan da zobba da famfon mai, kuma a Aboabo nake zaune. Autanmu ne mai karatun. Ya gama injiniyan kanikanci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya kafe kan cewa digiri na biyu zai yi a Ingila, a fannin injiniyancin motocin tsere. Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da karatunsa, don haka da aka zo maganar ofishin da zai nema masa gurbi da biza, aljihuna ne ya biya, kuma ina zaune aka yi yawancin maganar. Ba zan kama sunan ofishin ba. A Adum yake, a saman bene, irinsu kuma suna da yawa a wannan layin, duk da tutocin Birtaniya da Kanada a jikin gilashi.

Tarbarsu babu laifi. Wuri ne mai tsabta da sanyi, ba a barin mutum a tsaye, kuma duk kuɗin da na tura ta MoMo, wato ta waya, an ba ni rasit. Sun faɗa tun farko cewa kuɗin buɗe fayil ba a mayar da shi, ko an samu gurbi ko ba a samu ba. Na ji zafinsa, amma gara wanda ya faɗa maka tun a bakin ƙofa.

Matsalar ta fara ne da saurayin da aka haɗa mu da shi don zaɓen makaranta. Auta ya yi masa bayanin abin da yake so dalla-dalla. Saurayin ya gyaɗa kai, ya ɗan danna kwamfuta, ya fito mana da takarda mai jerin makarantu. Kwas ɗin farko na ƙera motocin hawa ne na yau da kullum, na biyu na kula da harkokin masana'anta, akwai ma wani na jigilar kaya. Auta ya tambaye shi ko waɗannan makarantu suna shiga gasar Formula Student. Sai ya ce a sake maimaita masa sunan. To wannan gasa ita ce abin da duk mai son fannin ya sani: ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Birtaniya ce take shirya ta tun 1998, ɗalibai su zana ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, su ƙera ta da hannunsu, su kai ta filin Silverstone a gwada. Masu ɗaukar aiki suna duba ko ka taɓa shiga irin wannan aikin. Mai ba da shawara a kan fannin bai taɓa jin ta ba.

A hanyar gida, cikin trotro, motar haya, Auta ya buɗe mini taswira a waya. Ya ce, Yaya, duba nan. Kamfanin Mercedes na tseren Formula 1 yana Brackley, Red Bull yana Milton Keynes, Williams yana Grove, Aston Martin yana bakin filin Silverstone, Alpine yana Enstone, Haas yana da wuri a Banbury. Duk a yanki ɗaya suke, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. A tsakiyarsu kuma ga jami'ar Cranfield, wadda take da kwas na shekara ɗaya a kan wannan fanni, ga Oxford Brookes da ita ma take da nata, da ƙungiyar ɗalibanta masu ƙera mota. Nan take na gane, don mu ma haka muke a Magazin: yaron da ya koyi aiki a tsakiyar masu gyaran inji, yana jin ƙarar injin da ya lalace safe da yamma, ba ɗaya yake da wanda ya koya a bayan gari ba. Babu ɗaya daga cikin makarantun nan biyu a takardar da aka ba mu. Da muka koma muka tambaya, sai aka ce mana shigarsu da wuya, gara a kama dahir.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasiƙar da ɗalibi yake rubutawa don bayyana kansa. Sun miƙo masa wata tsararriya, wadda da gani an sha canza mata suna, tana cewa tun yana yaro yake ƙaunar motoci. Wane yaro ne a Kumasi ba ya ƙaunar motoci? Auta ya rubuta tasa. Ya saka aikinsa na shekarar ƙarshe, ƙashin ƙaramar mota na bututun ƙarfe da ya zana a kwamfuta, masu walda na layinmu suka haɗa masa, aka ɗaure gefe ɗaya aka rataya nauyi a ɗaya gefen don a auna yadda yake murɗewa, lissafinsa da awon suka saɓa, ya bi ya gano cewa a mahaɗar walda ne abin yake saki. Saurayin ya karanta ya ce a cire maganar Magazin, wai ba za ta burge Turawa ba. Na ce masa, ɗan'uwa, wannan sakin layin kaɗai ne a takardar da wani ba zai iya kwafa ba. Ba a cire ba. Kwas ɗin da yaron yake nema cike yake da irin wannan: yadda iska take danne mota a ƙasa don ta sha kwana da gudu, yadda taya take kama kwalta da zafin da take so, ƙera jiki da zaren kabon mai sauƙin nauyi, karanta bayanan da na'urori suke turowa daga jikin mota. Duk lissafi ne da awo da gano inda suka saɓa.

A ƙarshe Auta da kansa ya cika takardun makarantun da yake so ta intanet, a shagona, bayan la'asar idan kasuwa ta lafa. Ba a buƙatar ɗan tsakiya don wannan. Gurbin ya fito.

Daga nan ne ofishin ya ci kuɗinsa, kuma dole in faɗi gaskiya. Aka mayar da mu wurin wata mata mai kula da biza, Madam kawai muke ce mata. Ta karɓi takardar bankina, ta duba sunan da ke sama, ta ture ta gefe. Ta ce, Alhaji, asusun yayan ɗalibi ba ya aiki. Ko dai kuɗin su zauna a asusun ɗalibin, ko na mahaifi ko mahaifiya. Ta ce sai sun yi kwana 28 a jere ba su sauka ƙasa da adadin da ake buƙata ba ko da na yini ɗaya, wato ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata 9, wanda ya haura fam 1,000 a kowane wata. Ta ƙara da cewa a ɗora wani abu a kai, domin da canjin ranar da aka shigar da takarda ake lissafi, kuma duk wanda ya ga yadda sidi, kuɗin Ghana, ya zube a 2022 ya san abin da take nufi. Ita ta tuna mana gwajin tarin fuka, wanda sai an je Akra asibitin da aka amince da shi, takardarsa kuma wata 6 take aiki, don haka kada a yi shi da wuri. Ita ta sa ya tambayi makarantar ko kwas ɗinsa yana cikin waɗanda suke buƙatar takardar ATAS, izinin da ake nema kafin wasu darussan injiniya. Kyauta ne, amma yana cin makonni. Ta rubuta mana kuɗin lafiya na ɗalibai, fam 776 a shekara, tun kafin mu ci karo da shi. Ta kuma zaunar da shi ta yi masa tambayoyin gwaji har sai da ya daina in-ina. Ko da dare aka tura mata saƙo a WhatsApp, da safe za a tarar da amsa.

Sai dai ko ita ba ta taɓo abin da yake bayan karatun ba, kuma a ganina wanda zai zuba wa yaro kuɗin makaranta da ya haura fam 15,000 ya cancanci a gaya masa. Bizar zama neman aiki bayan kammalawa shekara 2 ce, an kuma sanar za a rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ya tafiya da iyali. Aiki lokacin karatu awa 20 ne kawai a mako, ba zai biya makaranta ba. Tun 2021 an sa wa kamfanonin Formula 1 iyakar kashe kuɗi, aka fara da dala miliyan 145, ke nan ba ɗiban ma'aikata suke yi yadda suka ga dama ba. Idan ya dawo gida kuwa, rabon Afirka da ganin wannan tsere tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening ma sai da muka tambaya aka ambace shi, shi kuma yana buƙatar shekara 2 ta aiki, Auta bai cika ba.

Duk wannan ni da yaron muka tattauna a gida, gaban Hajiya. Abin da ya sa na yarda shi ne dokokin Formula 1 na 2026, da suka mayar da kusan rabin ƙarfin motar tseren ya zama na lantarki. Motoci masu haɗa fetur da batir suna ƙaruwa a Magazin, kuma masu iya taɓa batirinsu ba tare da fargaba ba ƙalilan ne. Ko bai samu shiga kamfanin tsere ba, ilimin ba zai kwana a akwati ba.

Wanda ya riga ya samu gurbi, yana tsoron takardun biza, zan iya raka shi wurin Madam da kaina. Wanda bai san makarantar da yake so ba, musamman a fanni mai ƙunci irin wannan, kada ya hau benen tukuna. Ranar da na je karɓar sauran takardunmu na tambayi saurayin ko makarantun da ke jerinsa suna biyan ofishin la'ada a kan kowane ɗalibi. Ya yi dariya, ya ce wannan sai dai in tambayi manaja. Manaja kuma aka ce ya tafi Akra.