Ogan Mai Sanduna da Ogan Mai Lantarki: Bambancinsu a Hannun Makaɗi

Wani ɗan'uwa ya tambayi dalilin da ya sa makaɗin da ya saba da ogan mai aiki da lantarki yakan ruɗe idan ya zauna gaban mai sandunan katako, da kuma wanda ya fi dacewa da mai koyo. Ogan babban abin kiɗa ne da ake danna maɓallansa iska ta shiga bututu ta fitar da sauti. Amsar tana cikin hanyar da ke tsakanin maɓalli da murfin da ke sakin iska zuwa bututu.

A tsohon tsari, wanda Bach, shahararren makaɗin Jamus, ya yi aiki da shi, siraran sanduna ne ke haɗa maɓalli da murfin kai tsaye. Iskar da ke cikin akwatin da ke ƙarƙashin bututu tana danne murfin, don haka yatsa yakan ji ɗan turjiya a farkon dannawa, sannan maɓallin ya saki. Wannan turjiyar ce ke sanar da makaɗi daidai lokacin da bututu zai yi magana, kuma tana ba shi ikon buɗe murfin a hankali ko da sauri, haka ma wajen rufewa. Ƙarfin sauti ba ya ƙaruwa komai tsananin dannawa, saɓanin fiyano, amma farkon sautin da ƙarshensa suna hannunsa. Illar tsarin ita ce nauyi: idan aka haɗa jerin maɓallai biyu ko uku, yatsa ɗaya ne zai ja murafu da yawa, kuma a babban ogan hakan na gajiyar da hannu matuƙa.

Wannan nauyin ne ya sa Charles Barker, ɗan Ingila, ya ƙirƙiro ƙananan zugazugai masu ɗauke wa yatsa aikin ja, waɗanda maƙerin ogan Cavaillé-Coll ya sa a ogan ɗin cocin Saint-Denis na Faransa a 1841. Daga baya aka zo da tsarin aika iska ta siraran bututun dalma, sai dai yana jinkirta sauti idan tazarar ta yi tsawo.

A tsarin lantarki kuwa, maɓalli makunni ne kawai. Nauyinsa ɗaya ne ko da an haɗa jeri biyar, kuma ana iya ajiye teburin makaɗi nesa da bututu, kusa da mawaƙa. Amma yatsa ba ya jin murfin, kuma nisan yana da nasa sakamako. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tazarar mita 35 tana jawo jinkirin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Makaɗin da ya jira kunnensa kafin ya ci gaba zai yi ta rage gudu bai sani ba, dole ya dogara da ƙidayar da ke kansa.

Wanda ya taso a kan lantarki yakan saba da goga maɓallin da ke gefe da kuma sakin maɓalli yadda ya ga dama, ogan mai sanduna kuwa yana fito da waɗannan kurakurai fili. Shi ya sa a ganina mai koyo ya fara da mai sanduna, domin komawa lantarki daga nan ya fi sauƙi. Girma ma bai hana amfani da sanduna ba, tunda ogan ɗin gidan wasan waƙa (opera) na Sidni a Ostiraliya, wanda aka kammala a 1979, yana da bututu sama da 10,000 kuma da sanduna yake aiki.