Kwanon Aluzinc mai fenti a rufin cibiyar ilimi da al'adu: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Kwamitocin unguwannin Hausawa a Gadarif, Kassala, Damazin da Mai Wurno, a ƙasar Sudan, kan fara da tambaya ɗaya idan sun tashi rufe zauren karatu: wane launi za a saka? Launi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tattauna. Kwanon da muke magana a kansa, wanda 'yan kasuwa ke kira zinki mai launi ko Aluzinc, kwano ne nagari, ya fi farin zinkin da muka saba da shi, amma alherinsa yana cikin kaurin ƙarfensa da nauyin shafen da ke ƙarƙashin fentin, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya.

Aluzinc ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakken haɗi na alminiyam kashi 55 cikin ɗari, zinki kashi 43.4, da silikon kashi 1.6. A Amurka aka fara sayar da shi a 1972 da sunan Galvalume. Alminiyam ɗin yana toshe hanyar tsatsa, zinkin kuma yana kare bakin yanka da wurin da aka ƙarce. Na kirki yana ɗauke da hatimin AZ150 a bayansa, wato giram 150 na shafe a kowace murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu. Akwai mai AZ70 har da ƙasa da haka, kuma da fenti a kansa ba mai iya bambanta su. A juya kwanon a karanta rubutun da ke baya. Wanda babu komai a bayansa, a ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin shafe, a yi ciniki a kan haka.

Sai kauri, inda mafi yawan cuta take. Ga zauren da yara za su zauna a ƙarƙashinsa, muna ba da shawarar milimita 0.5, kada a sauka ƙasa da 0.45. Wasu masu sayarwa suna ƙirga fenti da shafe cikin kaurin, wasu kuma suna kiran 0.35 da sunan 0.45 kai tsaye. Sikeli ne ke raba gardama. Ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85 a murabba'in mita. Idan naɗin da aka matse kwanon daga gare shi yana da faɗin mita 1.22, kowace mita ta tsawon kwano mai 0.5 za ta yi kusan kilo 4.8, mai 0.35 kuwa kilo 3.4 ne. A tambayi faɗin naɗin, a ɗora falle ɗaya a kan sikelin buhun dawa, a yi lissafi kafin a biya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gini suka koma shigowa ta hanyoyi daban-daban, kuma mota ɗaya tana iya ɗauko kwano iri biyu masu launi ɗaya, don haka a auna daga sama, a kuma zaro daga tsakiyar tarin.

Mu ɗauki zaure mai faɗin mita 12 da tsawon mita 25, rufi mai gangare biyu, karkatar digiri 15, da baki mai fitowa santimita 60 ta kowane gefe. Tsawon falle daga ƙololuwa zuwa indararo zai kai mita 6.85. Idan kowane falle yana rufe faɗin mita ɗaya, ana buƙatar 27 a kowane ɓangare, 54 ke nan, kusan murabba'in mita 370. A sa a yanko su da cikakken tsawonsu, domin duk inda aka haɗa falle biyu a tsakiyar gangare, nan yoyo yake fara neman hanya. Idan mota ba za ta iya ɗaukar dogo ba, a ɗora na sama kan na ƙasa da santimita 20, kuma haɗin ya faɗa daidai kan sandar ƙarfe. Sandunan da kwanon ke kwanciya a kansu kada tazararsu ta wuce mita 1.2, a baki da ƙololuwa a matso da su zuwa santimita 90.

Wannan matsowar saboda habub ne, wato guguwar ƙura. Iskar da ke gaba da ruwan farkon damina ba danna rufi take yi ba, tsotso shi take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da baki. Rufin da ya yaye kusan kullum daga kusurwa ya fara, inda aka yi rowar sukuru. A layin baki da na ƙololuwa a ɗaura sukuru a kowane tudu na kwanon, a tsakiya a tsallake ɗaya. Zauren da muka misalta zai ci sukuru 2,200 zuwa 2,500. A sayi mai haƙa da kansa, mai zoben roba na EPDM. Zoben roba mai arha yana bushewa ya tsage a ranar Sudan, daga nan kowane sukuru ya zama ƙofar ruwa, kuma canza su duka ya fi sayen nagari tun farko tsada. A rufi a kan tudu ake ɗaurawa, a bango a cikin kwari. Ma'aikaci ya tsaya da zarar robar ta ɗan bazu. Idan ta fito ta gefe ko tudun ya lotsa, an wuce gona da iri. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: falle mai mita 6.85 yana ƙaruwa da kusan milimita 4 idan zafinsa ya tashi da digiri 50, kuma ƙarar da ake ji da hantsi ita ce wannan motsin. Kwanon da aka shaƙe da sukuru yana faɗaɗa raminsa da kansa.

Kada a yarda a yanka shi da injin gurza ƙarfe. Tartsatsin yana ƙona fenti, zafin yana cinye shafen bakin yanka, garin ƙarfen kuma ya warwatsu a kan rufi. Almakashin kwano ya isa. Kowace yamma a share ɓurɓushin da haƙar sukuru ta bari, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta mai da shi ɗigo-ɗigon tsatsa, mutane su ce kwanon jabu ne alhali aikin ne ya ɓata shi. Haka ma tarin kwanon da ruwa ya shiga tsakaninsa aka bar shi a haɗe, yana yin tabon da ba ya fita. A ajiye shi a kan katako, kai ɗaya ya ɗan ɗaga, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa.

Inda kwanon ya gaza shi ne zafi da ƙara. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, falle ɗaya tal ba ya tare komai, kuma wanda ya bar gutiyya, wato bukka mai rufin ciyawa, ya shiga irin wannan zaure zai ce gara inda ya fito. Da damina kuma ruwa mai ƙarfi yana hana ɗalibin sahu na uku jin malam. Maganin duka biyun ɗaya ne: audugar gilashi mai kaurin santimita 5, mai takardar alminiyam a fuskar da ke kallon ɗaki, a shimfiɗa ta kan raga kafin a ɗora kwano. A bar iska ta shiga ta ƙarƙashin baki ta fita ta ƙololuwa, a toshe ramukan da raga saboda tantabaru da jemagu. Kwamitin da kuɗinsa bai kai ba, gara ya jinkirta tayil na ƙasa da ya jinkirta wannan, domin sa ta bayan an gama rufi aiki biyu ne.

A nan launi ya shigo. Fari ko ruwan madara ya fi mayar da hasken rana. Shuɗi mai duhu da ja suna da kyau a hoton ranar buɗe cibiya, amma sun fi ɗaukar zafi, kuma da fentin foliyesta na yau da kullum su ne ke fara koɗewa. Fentin PVDF ya fi riƙe launi, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba.

Game da lulluɓe bango da kwanon, ba mu goyi bayan a kai shi har ƙasa ba. Aluzinc ba ya shiri da ɗanyen siminti, farar ƙasa, toka, da fitsarin dabbobi. Cibiyar da ke da khalwa, wato makarantar allo, tana da tugaba, wutar karatun dare, da tokarta, tana da wurin wanke alluna da wurin alwala, ga awakin unguwa masu son inuwar bango. A gina jan bulo zuwa tsayin mita 1.2, kwano ya fara daga nan, da ɗan lanƙwasasshen baki mai zubar da ruwa waje, kuma kada ya taɓa filasta. Ruwan da ke ɗiga daga bututun tagulla na na'urar sanyaya ɗaki ma yana cin sa, a ja shi da tiyo zuwa ƙasa.

Ɗakin ajiyar littattafai shari'arsa daban. A gari kamar Mai Wurno, wanda waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, gidaje na riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ba su da kwafi na biyu. Idan za a tara irin waɗannan a cibiya, a rufe ɗakin da kwano mai ɓawo biyu da abin tare zafi a tsakiya. A zaɓi mai audugar dutse, wadda ba ta kama wuta. Mai farin soso na folistirin ya fi arha da sauƙin ɗauka, amma yana narkewa ya ci wuta, bai dace da ɗakin takardu ba.

Saura indararo. Milimita ɗaya ta ruwan sama a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka ruwan milimita 50 a kan wannan rufi ya haura lita 17,000. Baƙar ƙasar Gadarif tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsage idan ta bushe, kuma ruwan da ke zuba a gindin bango shi ke fasa gini. A sa indararo mai faɗin santimita 20 da bututun sauka huɗu a kowane ɓangare, a kai ruwan tanki ko a nisanta shi mita uku daga tushe. Kafin damina a kwashe ƙurar da ta taru a ciki, domin jiƙaƙƙiyar ƙura da ta kwanta tana huda indararo tun rufin kansa bai nuna alamar tsufa ba.