Digirin digirgir a tattalin arziki: gida, AERC ko ƙetare?

Mai son zama malamin jami'a da ke binciken manufofin gwamnati, kamar tasirin cire tallafin fetur ko shirin ciyar da 'yan firamare, hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta gida ta fi araha: ABU, BUK ko Jami'ar Ɗanfodiyo. Kana karatu kana aikinka, ga iyali a kusa. In kana koyarwa a babbar makarantar gwamnati, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na iya ɗaukar nauyinka bisa sharaɗin ka dawo ka yi wa makarantarka aiki. Cikas ɗinta lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, kuma malami guda kan duba ɗalibai da yawa, babinka ya yi watanni a kan teburinsa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne salon kundin da aka saba: a kwaso alƙaluman shekara-shekara na Babban Banki, layi arba'in da 'yan kai, a buga ARDL, wata dabarar nazarin alƙaluma, a ce an gano tasiri. Manyan mujallu ba sa karɓar wannan, domin layi arba'in ba za su nuna maka mene ya haddasa mene ba.

AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziki ta Afirka mai hedikwata a Nairobi tun 1988, tana da shirin haɗin gwiwa da jami'o'in Afirka, har da ta Ibadan. Sai ka ci darussan dole na nazariyya da ekonometiriks, wato auna al'amuran tattalin arziki da ƙididdiga, kafin ka taɓa kundi. Guraben kaɗan ne, amma horon ya kai a yi masa layi.

A Amurka shekara 5 zuwa 6 ake yi, biyun farko darasi zalla, ga jarrabawar da ke tankaɗe mutane. Shiri mai kyau yana yafe kuɗin makaranta ya biya ka alawus. Wanda ya ce ka biya daga aljihu, wuce shi. Yawanci ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu. Galibi lissafi ke kayar da masu nema: ƙaramin maki a sashen lissafi na GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, ko takardar sakamako babu kalkulas da aljabara. Ingila shekara 3 zuwa 4 ce, sai dai yawanci da digiri na biyu da tsarin bincike a hannu ake shiga. Tallafin Commonwealth ya haɗa da digirgir, na Chevening kuwa digiri na biyu kawai.

Ko ina ka nufa, malamin da zai duba ka shi ne ainihin hajar, ba sunan jami'ar ba. Buɗe shafinsa na Google Scholar, mai jera wallafe-wallafen masana, ka ga abin da ya wallafa cikin shekara biyar. Ka tambayi tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi, kuma ina suke aiki yanzu. Ka tabbata ya taɓa aiki da bayanan gidaje, irin binciken GHS-Panel na Hukumar Ƙididdiga da Bankin Duniya, wanda ake saukewa kyauta bayan rajista. Kafin ka cike fom, fara koyon R, manhajar nazarin alƙaluma, tunda kyauta ce. Takwararta Stata sai da lasisi.