Sifirin mai laba 16 ya kusa sa ni in tsani bindigata

Na yi shekara shida ina riƙe da ƙaramar bindiga ƙirar Beretta 92 da cikakkiyar takardar izini a nan Garwa, kuma ban taɓa yin kuka da ita ba sai da na canza sifirin ɗin da ke mayar da saman bindigar gaba bayan kowane harbi. Na asali mai laba 13 ne (da laba ake auna taurin sifirin), ya kuma gaji, domin kwanson harsashi ya fara faɗawa nesa fiye da yadda na saba gani. Dillalin da ya kawo mini sabo daga Duwala ya nace in ɗauki mai laba 16, yana cewa zai rage mini bugun da bindigar ke yi a hannu.

Ranar da na gwada shi a filin atisaye, cikin harsashi 15 sau huɗu kwanso yana maƙalewa a tsaye a ƙofar da yake fita, sauran kuwa suna zubowa a kan takalmina, bakin bindigar kuma yana yin ƙasa duk lokacin da saman ya rufe, har sai na sake neman saiti. Raina ya ɓaci ƙwarai, saboda makamin da zai tsaya a tsakiyar aiki ba abin dogaro ba ne. Wani dattijo da ya yi ritaya daga gyaran makamai ya dubi inda kwanson ke faɗuwa, ya ce mini: "Ɗana, harsashinka mai giram 7.5 ne, ƙarfinsa bai isa ya tura wannan sifirin har ƙarshe ba, ga kuma ƙurar hunturu da ta cakuɗe da man da ka shafa." Ya ƙara da cewa sifirin mai tauri na harsashi mai ƙarfi ne, wanda ya yi laushi da yawa kuma yana barin ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe har jikin bindigar ya lalace.

A gaskiya ƙirar sifirin ɗin ba ta da aibi, ƙarfensa mai kyau ne, kuma da na sa harsashi mai giram 8 bayan na wanke bindigar, maƙalewar ta ragu sosai. Har na fara yafe wa dillalin. Amma da na tuna bai tambaye ni ko wane irin harsashi nake amfani da shi ba, kuma da na koma neman mai laba 13 ya ƙi karɓar nasa, ya sa na jira mako biyar kafin wani ya iso, sai na ga ba zan iya tura kowa wurinsa ba. Tun da na mayar da mai laba 13, na harba sama da harsashi ɗari ba tare da ko ɗaya ya maƙale ba.