Wasiƙa Daga Ingila: Yadda Muka Yi Jinyar Zomon Yara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya sanyin Zariya? Na ga saƙonka cewa zomayenka na bayan gida suna ta atishawa tun da hunturu ya kankama, kana kuma tambayar yadda muka yi da namu da ya kwanta a nan Manchester. Zan faɗa maka abin da na gani da idona, domin akwai abin da ya kamata ku ɗauka daga mutanen nan, akwai kuma inda ku ne kuka fi mu nesa ba kusa ba.

A nan yawancin masu zomo ba don yanka suke ajiye shi ba, ɗan gida ne kamar kyanwa. Akwai dokar kula da dabbobi ta shekarar 2006 wadda ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta wurin zama da abinci da kariya daga ciwo, kuma wanda ya bar tasa tana wahala ana iya kai shi kotu. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, tunda mun tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure. Abin da ya zame mini baƙo shi ne kuɗin da sauke wannan nauyi yake ci.

Ciwon ya fara ne da atishawa jefi-jefi, sai farar majina mai kauri a bakin hanci, sai idon dama ya riƙa zubar da ruwa. Mutum a ƙasar nan idan bai da lafiya yana ganin likita kyauta. Dabba kuwa ba ta da asibitin gwamnati, sai na 'yan kasuwa, kuma sai ka yi waya an ba ka lokaci. Ba kowane likitan dabbobi ne ya ƙware a kan zomo ba, yawancinsu karnuka da kyanwoyi suka fi sani, shi ya sa ƙungiyar masu kula da zomaye ta RWAF take da jerin asibitocin da ta amince da su. A cikin jerin na zaɓi wanda muka je.

Likitar ba ta fara da hancin ba. Juya ƙafafunsa na gaba ta yi, ta nuna mini gashin cikinsu ya cukurkuɗe ya yi tauri, ya zama ruwan ɗorawa. Da nan zomo yake share hancinsa, don haka ko ka tarar da hancin tsaf, ƙafar za ta tona asiri. Ka je ka duba naka yau. Bayan haka ta ɗora shi a sikeli, ta saurari ƙirjinsa, ta zura ɗan madubi mai fitila ta leƙa haƙoransa na ciki. Haƙoran zomo ba sa daina girma har ya mutu, kuma idan saiwar na sama ta yi tsawo takan danne hanyar hawaye da ta hanci, sai ka ga majina da ruwan ido alhali tushen ciwon yana baki. Irin wannan ko buhun magani ka ba shi ba zai warke ba sai an gyara haƙorin. Namu dai haƙoransa lafiya lau, ta ce ƙwayar cuta ce, kuma wadda ta fi kawo haka ita ce Pasteurella. Zomaye da yawa suna ɗauke da ita a hanci ba tare da wata alama ba, sai sanyi ko ƙura ko firgici ya raunana su, sannan ta taso. Ta gaya mini gaskiya cewa yana iya samun sauƙi ciwon ya sake dawowa, kuma idan aka yi sakaci yakan sauka huhu, ko ya shiga kunne ka ga zomo ya karkace kai.

Rabin lokacin da muka yi a wurinta tambayoyi ne a kan gida. Me ake shimfiɗa masa? Yaushe ake kwashe inda yake fitsari? Akwai mai shan taba? Ana fesa turare a ɗakin? A nan ne maganar turaren wuta ta taso, domin ka san mai ɗakina da kasko. Tun daga ranar an daina kunnawa a falon da yake zaune. Dalili shi ne zomo da hanci kawai yake numfashi, duk hayaƙi da warin fitsari da ƙura ta nan suke bi. Idan ka ga zomo ya buɗe baki yana haki, to abin ya kai maƙura, ba a jira gari ya waye.

Ganin likita kaɗai ya ci wajen fam 50, ban da magani. Da a ce da dare ne ko ranar hutu, asibitin gaggawa za a tura mu, can kuwa kafin a taɓa dabbar ka zarce fam 200. Ta lissafa mini sauran abin da ake iya yi, wato ɗaukar majina a kai ɗakin gwaji don a san takamaiman maganin da zai ci ƙwayar, da hoton ƙashin kai wanda sai an sa shi barci, kowanne da nasa farashin. Na yaba da yadda ta faɗi kuɗin kowane abu kafin ta yi, ta bar ni na zaɓa. Amma tsadar ta yi yawa, kuma ba ni kaɗai nake faɗa ba. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe cikakken bincike a 2024, bayan ta gano cewa manyan kamfanoni 6 ne suka mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin dabbobi. Akwai inshora da ake biya wata-wata, sai dai ba ta ɗaukar ciwon da dabba ta riga ta kamu da shi kafin a yi rajista. Akwai kuma ƙungiyar agaji ta PDSA da aka kafa tun 1917, tana duba dabbobin talakawa kyauta ko da rangwame, amma sai mai karɓar tallafin gwamnati, mu kuwa da muka shigo da takardar aiki ba mu da damar wannan tallafi. Daga aljihu muka biya komai.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, Yaya. A nan ba za ka shiga shago ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, na mutum ne ko na dabba, sai likita ya duba ya rubuta. A gida kuwa yaro ma za ka aika kemis ya dawo da shi a leda. Da farko ƙa'idar tasu takan yi kama da wahalar da mutane, amma a kan zomo ita ce take tsare rai. Maganin da muka fi sabawa da shi a gida, amoxicillin da ampiclox da danginsu, idan aka ɗura wa zomo ta baki yana kashe ƙwayoyin hanjinsa masu narka ciyawa, masu guba su samu fili su yaɗu, sai zawo, sai mutuwa cikin 'yan kwanaki. Mai kiwo zai ɗauka murar ce ta kashe masa dabba. Don Allah ko ka ga ya yi wa akuya ko kaji aiki, kada ka kai shi bakin zomo. Namu enrofloxacin aka ba shi, na ruwa, tare da meloxicam na rage ciwo da kumburi, an auna kowanne da nauyin jikinsa, kuma aka ja mini kunne kada na tsaya don na ga sauƙi sai an cinye kwanakin da aka ɗiba.

Sauran jinyar a gida aka yi ta, kuma ita ta fi cin rai. Zomon da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙamshin abinci, sai ya daina ci, shi kuwa cikinsa ba a barin sa ya tsaya. Idan ya kai awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, wannan ya fi majinar haɗari. Akwai wani garin ciyawa da ake sayarwa a nan, Critical Care, ana dama shi da ruwan ɗumi kamar kunu a zuba a sirinji marar allura. Nakan naɗe shi da tawul a kan cinyata, ƙafafunsa a ƙasa, na sa bakin sirinjin ta gefe bayan haƙoran gaba, na matsa kaɗan na jira ya tauna ya haɗiye. Ba a kwantar da shi rigingine, kada ya shaƙe. Kowace safiya yarinyata ce take fara zuwa duba akwatinsa, ta dawo ta gaya mini ko kashin ya ƙara girma. Mun kuma sayi ɗan injin turiri irin na masu asma, ana zuba ruwan gishiri na asibiti a ciki, a sa zomon a akwatin tafiya a lulluɓe da zane na ɗan lokaci don majinar ta saki. Ku da ba lallai ku samu injin ba, kwanon ruwan zafi a kusa da keji inda ba zai kai gare shi ba yana taimakawa, amma ban da man zafi a ciki. Garin ma za ka iya maye gurbinsa da abincin zomo na buhu da aka jiƙa ya yi laushi.

Batun ciyawa kuwa ku ne sarakai. Mafi yawan abincin zomo ya kamata ya zama busasshiyar ciyawa, ita take goge haƙori ta kuma tafiyar da hanji. A nan a leda muke sayenta, an kakkaɓe ƙurarta da inji, wata ma daga Amurka ake kawo ta, kuma ƙaramin ƙunshi yana cin fam da dama. Ɗanyen ganye 'yan tsirarai ne a roba a kantin cefane. Duk sanda na tsaya biya sai na tuna harawar da ke jibge a kan rufin gidanmu, da ganyen karas da na dankalin Hausa da masu gwari suke zubarwa a bakin kasuwa. Abin da mutanen nan suka fi ku shi ne tsabtar kayan kawai, kuma wannan hannu yana yi. Ka kakkaɓe harawar a waje, ka ɗan yayyafa mata ruwa kafin ka ba su, wadda ta yi funfuna ka zubar. Ka daina shimfiɗa musu garin katako, ƙurarsa kai tsaye hanci take shiga. Hasken rana da iskar da ke ratsa keji su ma kyauta kuke samu, mu a nan gida a rufe yake rabin shekara, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska, bango kuma yana tsatsafar danshi.

Allurar rigakafin da ake yi wa zomaye a nan duk shekara ta wasu cututtuka biyu ce masu kisa, myxomatosis da cutar zubar jini, ba ta hana wannan ta hanci, don haka kada ka ɗauka akwai wata allura da ta wuce ka. Ga abin da nake ganin za ka yi. Ka ware masu atishawa daga sauran tun yau, ka riƙa fara kula da masu lafiya sannan marasa lafiya, ka wanke hannu. Ka kare ɓangaren da iskar hunturu take bugowa da buhu, ka bar sauran a buɗe. Duk zomon da ka sayo a kasuwa ya yi aƙalla mako biyu shi kaɗai kafin ya shiga cikin naka. Sannan ka ɗauki wanda ya fi jin jiki ka kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, yana nan kusa da kai, kuma abin da za ka biya ba zai kama ƙafar abin da na biya ba. Ka roƙe su su duba haƙora, su auna nauyi kafin su rubuta magani. Tunda naka ana yankawa, ka tambaye su kwana nawa za a jira bayan gama maganin kafin a ci naman.

Namu ya koma cin ciyawa da kansa, alhamdu lillahi, ko da yake yakan yi atishawa idan sanyi ya tsananta. Akwai mai zuwa Kano a ƙarshen wata, zan ba shi sirinji masu faɗin baki da ƙaramin sikeli ya kawo maka. Ragowar maganin ba zan aiko ba, don an auna shi ne da nauyin wannan zomon. Ka ɗauko mini hoton hancinsu da cikin ƙafafunsu na gaba ka turo, ka kuma gaya mini abin da likitan ya ce. A gaida Hajiya da yara.