Tsohon fim ɗan awa ɗaya da na zamani mai miliyoyi

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da mutane ke gani a tsofaffin finafinan ɓarayi da 'yan sanda, masu baƙi da fari, waɗanda aka yi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali ga na zamani da ake narka wa miliyoyin daloli. Bari in jera maka su.

A Amurka, shekarun 1930 da 1940, tikiti ɗaya fim biyu yake ba ka: babba mai manyan taurari, da ƙarami na cike gurbi. Ƙaramin bai cika wuce minti 70 ba, kuma ƙananan kamfanoni irin su Monogram da PRC kan gama ɗaukarsa cikin mako ɗaya ko biyu. Mai awa ɗaya a hannu ba ya jan rai. Kafin ka gyara zama fitila ta ɗauke, mace ta ƙwalla ƙara, sarƙar lu'ulu'u ta yi layar zana. Na zamani kuwa sai ya cinye minti 40 yana nuna maka ɗan sandan da matarsa ta gudu, yana zaune a duhu yana tuna baya.

Babban bambancin yana wajen jarumi. Ɗauki Boston Blackie, tubabben ɓarawon da Chester Morris ya fito a matsayinsa har sau 14 a kamfanin Columbia, daga 1941 zuwa 1949. Ko ina aka fasa akwatin kuɗi, shi sufeto ke fara nema, sai ya zama dole ya zaƙulo mai laifin don ya wanke kansa. Ana sa masa ankwa yana tsokanar wanda ya sa masa. Jarumin yau a murtuke yake shigowa, a murtuke yake fita, ya ɗora maka damuwarsa ka kwana da ita.

Talaucin ma ba ya ɓuya, ni kuma nan ne yake burge ni. Duba wurin tseren mota da kyau: motar a tsaye take cikin sutudiyo, hoton titi ake haskawa a bayanta, direba yana ta murza sitiyari hagu da dama, titin kuwa miƙe yake ɗoɗar. Matattakalar da ka gani a gidan attajiri, ita za ka sake gani a otal a wani fim ɗin. Da babu kuɗin tarwatsa gini, sai aka koma ga baki, ana ta musayar baƙar magana da sauri kamar ana cacar baki.

Inda na zamani ya yi masa fintinkau shi ne fargaba. Tun 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai a Hollywood, wadda ba ta yarda mai laifi ya sha ba, don haka tun farko ka san bos zai ƙare a hannun hukuma ko a kabari. A na yau kowa na iya mutuwa, har jarumin. Ga tsabtar hoto da sauti, wannan ba sai an faɗa ba. Akwai kuma abin da zai sosa maka rai a tsofaffin: ɗan sandan nan ɗan asalin Sin, Charlie Chan, Bature ɗan Suwidin mai suna Warner Oland ne ya daɗe yana fitowa a matsayinsa, baƙar fata kuma yawanci direba ne matsoraci da ake wa dariya.

In kana son fim ya girgiza ka, kunna na zamani. Daren da ka dawo a gajiye kuwa, nemi ɗan awa ɗayan, ka sa ido kan mutumin da ya fi kowa ladabi a wurin liyafar. Sau da yawa sarƙar tana aljihunsa.